Yadda Ake Cire Ginshiƙi Daga Falon Suruki Ba Tare da An Cire Shi Ba

Wannan hanya tabbatacciya ce. Ni na gwada ta da kaina a unguwar Goudji, a gidan mutumin da ya ba ni 'yarsa, kuma ga ni nan da raina, da aurena, rufin gidan kuma yana sama inda aka ɗora shi. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, na yi maka alkawari surukinka zai sa maka albarka, ginshiƙinka zai tsaya, kuma kalmar "a'a" ba za ta taɓa fita daga bakinka ba. Wanda ya bi bai ga haka ba, ya binciki kansa.

Sunana Mudi. Ina da filin zuba kankare a unguwar Gassi, mutane suna ce mini injiniya, ni kuma ban taɓa hana su ba.

MATAKI NA ƊAYA: Ka san abin da za a ce ka lalata

A da, in za a yi bene, sai a kafa katako a zuba ginshiƙi a wurin, a ɗora masa gadar kankare, sannan a zuba rufi a kan gadar. Mu mun wuce nan. Ginshiƙanmu a kwance muke zuba su a Gassi, cikin akwatin ƙarfe, kowanne da faffaɗan kai kamar malafa. Mu yi ta ba su ruwa kwana ashirin da takwas, babbar mota ta kwashe su, motar ɗaga kaya ta tsayar da kowanne a raminsa. Rufin, wanda a nan muke ce wa dal, shi ma falle-falle yake zuwa, a ɗora shi kai tsaye a kan malafun, a ɗinke tsakani da siminti. Babu gada ko ɗaya. Ka ɗaga kai ka ga rufi sumul.

Kyawun abin ke nan, kuma nan haɗarin yake. Tun da ba gada, kowane ginshiƙi da nasa kayan a ka. Ka zare ɗaya, kayansa su koma kan maƙwabtansa, su kuwa su huda dal ɗin yadda yatsa ke huda kisra, siririyar wainar nan, in tana da zafi. Ba ya tsagewa ya ba ka labari tukuna. Saukowa yake yi gaba ɗaya.

Ka haddace wannan. Ba za ka faɗa wa kowa ba, amma yana da kyau mutum ya san abin da yake ɓoyewa.

MATAKI NA BIYU: Ka nemi suruki mai fili

Nawa shi ne Alhaji Abdulmutallib, mai sayar da yadi a babbar kasuwa, da gidan gado a unguwar Sabangali. Kakansa ya taso daga Katsina a ƙafa zai je Makka, ya tsaya bakin kogin Shari don ya huta kwana biyu. Zuriyarsa har yau hutawar suke yi. Gidan ya yi musu kaɗan, Alhaji ya sayi fili a Goudji, ya ce tun da akwai injiniya a gida, ba za a je waje nema ba.

Dole ka zama suruki na gari, in ba haka ba hanyar ba za ta yi aiki ba. Ni shekara bakwai ke nan ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama a kujera yana kujera ba. In yana magana ƙasa nake kallo. Na san takalmansa ƙafa huɗu, na san wanda aka yi wa ɗinki a dunduniya, amma da za a ce in kwatanta fuskarsa daga gemu zuwa sama, sai dai in nemo hoton biki.

Ka riƙe wannan ɗabi'a da kyau. Ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

MATAKI NA UKU: Ka ce "to"

Ka kai masa zanen gidan, ka shimfiɗa a tabarma, ka durƙusa, ka yi wa takalmansa bayani. Falo a ƙasa, ƙofa a yamma, wurin zamansa jikin bangon gabas. A sama da falon, ɗakin Inna uwar matarka, inda jikoki ke kwana, ciki har da taka 'yar. Tawa sunanta Humaira, shekararta biyar, kuma ba ta yarda ta yi Juma'a a wani wuri in ba wurin kakarta ba.

Alhaji ya shafa takardar da tafin hannunsa, yadda yake shafa shadda.

"Falon taku nawa ne?"

"Mita takwas ne, Baba."

"Ban tambaye ka mita ba, Malam Mudi. To a tsakiyarsa fa, akwai wani abu?"

"Ginshiƙi ɗaya ne kawai, Baba. Siriri."

"A cire shi."

A nan marasa tarbiyya suke faɗuwa. Za su fara zancen nauyi da ƙarfe, su ce ba ya yiwuwa. Kai ka ce "to". Ka naɗe takardarka, ka yi godiya, ka fita da baya. Sai ka hau babur ka yi nisa da Sabangali sannan ka tuna wanda zai kwana a saman falon.

MATAKI NA HUƊU: Ka aiki matarka

Ai don irin wannan rana aka yi aure. Ka zaunar da ita, ka yi mata bayanin yatsa da kisra, ka ce ta je ta faɗa wa ubanta da irin harshen da 'ya ke yi wa uba magana.

Tawa, Wasila, ta tafi da hantsi ta dawo bayan la'asar, da dabino da kilishi.

"Baba yana gaishe ka. Ya ce a cire."

"Kin faɗa masa dal ɗin zai faɗo?"

"Na ce masa kana ganin ginshiƙin zai ƙara wa falon kyau."

"Ba haka na ce ki ce ba."

"Haba, Baban Humaira. Ni zan dubi ubana in ce gidansa zai rushe tun bai shiga ba? Wannan ai mugun baki ne." Ta juya tana gyara ledar dabinon da ba ta bukatar gyara. "Kai ne injiniya, ka nemo dabara. Don Allah ka yi masa yadda yake so, kalas, shi ke nan. Kar ka tambaye ni dalili."

Kar ka tambaya. Miji mai hankali, in matarsa ta ce kar ya tambaya, murna yake yi an rage masa aiki.

MATAKI NA BIYAR: Ka inganta lissafi

Wannan shi ne matakin ilimi, kuma ni mako uku ya ci mini. Ka ƙara wa dal kauri. Zai ƙara nauyi, ya faɗo da wuri. Ka ƙara ƙarfe har ya zama tsakuwa ba ta da wurin shiga. Ka faɗaɗa malafun ginshiƙan gefe har su kusa gaisawa. Ka dawo da gadar da ka yi shekara biyar kana zagi a gaban abokan ciniki, sai ka tuna fallayen dal ɗin an riga an zuba su, suna jere a Gassi, kuma ba a yanka su don gada ba. Ka sake lissafin da wani alƙalami, ko a dace.

Ina da shugaban magina, Inusa, dattijo ne da ya fara aiki tun ana ɗaukar kankare a kwano. Ya tsaya a kaina yana shan shayi, ya kalli takardun. Shef yake ce mini, wato oga.

"Shef, mene ne wannan?"

"Ina inganta tsari ne."

"Tsarin ba abin da ya same shi. Kai ne abu ya sama." Ya kurɓi shayinsa. "Kankare ba shi da suruki, Shef. Kunya mafi, babu ita a wurinsa. Ka je ka faɗa wa Alhaji gaskiya, minti biyu ne."

Irin waɗannan mutane ana samun su a kowane wurin aiki. Ka ba shi girmansa, ka ce za ka duba, ka aike shi ya ƙirga buhunan siminti.

MATAKI NA SHIDA: Ka ja lokaci

Dalilai suna nan birjik, ba sai ka ƙirƙira ba. Damina ta shigo, laka ta Goudji kuwa in ta kama mota sai ta ga dama take saki. Tsakuwa daga nesa ake kawo ta. Mai motar ɗaga kaya ya tafi suna. Haka ka tsayar da ginshiƙai goma sha ɗaya, ka bar na tsakiyar falon kwance a Gassi, raminsa kuma ka rufe da katako ka baza yashi a kai.

A wannan lokaci surukinka zai riƙa zuwa duba aiki. Nawa kowace Juma'a bayan la'asar direbansa yake sauke shi daidai bakin ƙofar falo. Ba ya duba siminti, ba ya tambayar ƙarfe. Sai ya dafa bakin ƙofar, ya miƙe sak zuwa bangon gabas, leɓensa na motsi, ya taɓa bangon, ya juyo. Sau uku, wani lokaci sau biyar.

Fassarar wannan a fili take: yana aunawa ne ya ga ko ka ci masa fili. Ka ji haushi a zuci. Ka tsaya gefe kana kallon takalmansa suna wucewa ta kan katakon da ka baza wa yashi, kana tuna wa kanka cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

MATAKI NA BAKWAI: Ka jira a yi rasuwa a wani gari

Ba ka roƙa ba, amma za a yi. Wani abokin cinikin Alhaji ya rasu a garin Kuseri, hayin kogi, Alhaji ya tsallaka gada zaman makoki na kwana uku. A kwana ukun nan muka ɗauko ginshiƙin daga Gassi, muka tsayar da shi a raminsa, muka ɗora dal a kai, muka ɗinke. Ban taɓa ganin Inusa yana aiki da fara'a irin ta ranar ba.

Sabon dal yana bukatar sandunan tokara har siminti ya kama. Ana sa ashirin. Kai ka sa sittin, ka cika falon har ya zama kyanwa ma ba za ta ratsa ba, ginshiƙin ya ɓace a tsakiyarsu. Ka aika wa surukinka cewa ba a shiga sai an kwashe. Matarka in ta tambaya, ka ce mata an daidaita. Ba ƙarya ka yi ba, an daidaita ginshiƙin da ma'auni har sau biyu.

MATAKI NA TAKWAS: Fenti

Sanduna ba sa dawwama. Ranar da aka kwashe sittin ɗin, ɗaya ya rage, kuma shi ba ya kwasuwa. Na yi tunanin kewaye shi da kabad. Na yi tunanin labule. Inusa ya ce a rataya masa agogo a ce masa ado ne. A ƙarshe na sa aka shafa masa fenti irin na bango, ruwan madara, hannu uku, na ja baya na kanne ido ɗaya. Yana nan, amma cikin ladabi.

Ka tabbatar ranar da surukinka zai zo an shimfiɗa sabon tayil, don ya tsaya a bakin ƙofa. Alhaji ya tsaya, hannunsa a jikin ƙofar. Ginshiƙin yana gabansa sak, tsakaninsu mita huɗu, rana tana dukansa ta taga. Ni ina durƙushe ina karanta duk addu'ar da na sani.

Sai Alhaji ya ce, "Madalla. Fili fetal. Allah ya yi maka albarka, Malam Mudi. A sa walima Asabar ta sama."

Ka karɓi albarkarka, guminka ne ka ci. Da motar ta tafi na ce wa Inusa ya ga aikin fenti. Bai yi dariya ba.

"Shef, ka taɓa kallon idon Alhaji?"

"Wane irin mutum ka ɗauke ni?"

Ya ɗauki cokalin gininsa ya tafi.

MATAKI NA TARA: Ranar wanka

Ba a ɓoyon cibi, haka aka ce, kuma matarka ce za ta fara gani. Ranar walimar Wasila ta zo da safe da dardumai a bayan mota, ta shiga falon, ta tsaya. Dardumar da ke hannunta ta zame ƙasa.

"Ka ce an daidaita."

"In na cire shi, ɗakin Inna zai sauko da Humaira a ciki. Kuma ai Baba ya gani, ya sa albarka."

"Bai gani ba." Ta zauna a kan dardumar. "Baba ba ya gani, Baban Humaira. Tun bara ciwon suga ya ci idon. Haske da duhu kawai yake rabewa. A shago da hannu yake gane yadi, ba wanda ya lura. Daga ni sai Inna sai direba, kuma ya rantsar da mu. Ya ce ranar da kasuwa ta ji, ranar za a fara yi masa magana da ƙarfi kamar yaro."

Ta ɗaga kai ta dubi bangon gabas.

"Taku goma sha huɗu ne daga ƙofa zuwa wurin zamansa. Wata huɗu yana yin su a tsakar gida a Sabangali, safe da yamma, Inna tana kwashe masa butoci daga hanya. So yake ya shiga gidansa a gaban mutane, shi kaɗai, ba wanda ya riƙe shi."

Ginshiƙin yana kan taku na bakwai. Wannan lissafin bai ɗauke ni mako uku ba.

Na ce ta kira shi a waya. Ta ce yana hanya, liman yana gefensa a mota, da manyan 'yan kasuwa biyu a baya. Tsoro ya kama ni, da wata kunya wadda ba irin ta suruki ba ce. Shekara bakwai ina girmama mutumin nan, kuma ban taɓa dubansa ba.

MATAKI NA GOMA: Ka tsaya inda ya kamata

Falon ya cika ta gefe-gefe, mutum kusan arba'in, an bar tsakiya don mai gida. Kowa ya ga ginshiƙin, ba wanda ya ga abin magana a ciki. Gida ne, gidaje kuwa suna da ginshiƙai.

Alhaji ya iso cikin farar shadda. Ya cire takalmansa, waɗanda aka yi wa ɗinki a dunduniya. Ya dafa ƙofa, ya yi sallama da murya mai ƙarfi, aka amsa. Ya saki ƙofar ya taho, kansa a sama, leɓensa na motsi kaɗan.

Ga abin da za ka yi, kuma ba a koyar da shi a makarantar gini. A taku na uku ka tashi. A na biyar ka riga ka tsaya, bayanka a jikin kankare, fuskarka tana duban surukinka. Ka dube shi. Idanun a buɗe suke, suna kallon wani wuri bayan kafaɗarka. A na bakwai ƙirjinsa zai bugi naka.

Na kama hannunsa biyu kamar mai gaisuwa, abin da ban yi ba ko ranar ɗaurin aure. Na ɗora na damansa a kan ginshiƙin. Na yi ƙasa da murya.

"Baba, Mudi ne. Ban cire ba. In na cire, ɗakin Inna zai faɗo."

Tafin hannunsa ya bi kankaren sama da ƙasa, ya zagaya kusurwa, ya dawo. Na jira abin da zai zo, kuma ko mene ne na cancanta.

Sai ya ɗaga murya, yana bubbuga ginshiƙin. "Kun ga wannan? Ni na ce a bar mini shi. Tsoho yana son abin jingina. A kawo buzuna nan, a tsakiyar mutane zan zauna."

Aka yi dariya, aka ce ma sha Allah, wani ya ce shi ma irinsa zai sa a yi masa. Ana jan buzun, bai saki hannuna ba. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Taku nawa daga ƙofa?"

"Bakwai, Baba."

"Bakwai." Ya jinjina kai. "Da ka buɗe baki tun farko, da ka rage mini rabin aiki. Zauna nan kusa da ni. Kai za ka riƙa faɗa mini wanda ya shigo."

Ranar na ci abinci a gabansa, kwano ɗaya. Ni nake juya masa kwanon ta inda naman yake.

SANARWA

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya samu wanda ya bi ta: goshin da ya kumbura, auren da ya girgiza, ko rufin da ya sauko saboda wani ya karanta take bai karanta sauran ba. Ba ya karɓar ƙorafi daga surukan da idonsu garau yake, wannan ƙaddararka ce. Ba ya amsa tambaya ranar Juma'a, don yana da wanda yake rakawa masallaci, kuma tafiyar a hankali ake yin ta.

Garantin ginshiƙin shekara hamsin ne. Fentin ba ya ciki. Akwai wuri ɗaya a jikinsa, ta ɓangaren ƙofa, daidai tsayin hannu, da ya riga ya goge har siminti ya fito. Inusa ya zo da gwangwani zai gyara, na ce ya bar shi.